An ce min ni mara tsarki ce

Salama gare ku 'yan'uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin amma kunya ta hana ni, don magana ce ta jikin mace, mu kuwa ba a saba mana da faɗin irin ta a fili ba. Maigida ne ya ce in rubuta kawai tunda ba sunan kowa zan kama ba.

Ni 'yar mai bishara ce, a wani ƙauye ta wajen ƙasar Zazzau aka haife ni, mu Hausawa ne gaba da baya, kakanmu ne ya fara karɓar bishara a gidanmu. Na tashi da makarantar Lahadi da haddace aya, Dokoki Goma kam tun ban iya karatu ba nake rera su. Amma gaskiya akwai wuraren da ba mu taɓa buɗewa ba a Littafi Mai Tsarki, kamar Littafin Firistoci, in ka ji an karanta shi a sujada to sai dai maganar baiko ko zakka. Don haka na girma ban san me ke ciki ba, ban kuma taɓa tunanin wata rana shi zai zama abin da zai hana ni barci ba.

Bayan aure muka koma Kaduna, maigida yana aiki a masaƙa a Kakuri. Allah ya ba mu 'ya mace, lafiya lau, na yi wankan jego na yi arba'in kamar kowa, muka kai ta coci aka yi mata addu'a. Daga nan masaƙu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, nashi aikin ya tafi, ya koma acaɓa, ni kuma na fara sana'ar kifi. Tarwaɗa nake sarowa ɗanya wajen masu kiwo in banda ta a bayan gida, wani lokaci in haɗa da kurungu da ragon ruwa in an kawo. Da wannan kifin muke biyan haya da kuɗin makarantar yarinya, ban raina shi ba ko kaɗan.

Sai ɓari ya fara. In samu ciki ya zube, in sake samu ya zube. Bayan na ƙarshen sai jini ya ƙi tsayawa yadda ya kamata, al'ada ta zo ta ƙi tafiya, in ta ɗauke 'yan kwanaki sai ta dawo da guda-guda. Audugar mata ta fi ƙarfin aljihuna na koma ƙunzugu, kullum igiyar shanya a cike, ina shanyawa da dare don kada 'yan gidan haya su gani. Na je kemis, na sha na gargajiya, na je wani asibiti suka ce in yi hoton ciki, da na ji kuɗin sai na ce sai na tara, ban koma ba.

Yayar maigida ce ta zo ta same ni, ta ce ke dai tashi mu je, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Ta kai ni wani gidan addu'a da take zuwa, masu fararen kaya, ranar Asabar suke sujada, ana cire takalmi a ƙofa. Shugaban wurin suna ce masa Baba. Ban gama zama ba ya tambaye ni sana'ata, na ce kifi, ya ce wane iri, na ce tarwaɗa, sai ya kaɗa kai ya buɗe Firistoci sura 11 ya karanta min cewa duk abin da ke cikin ruwa da ba shi da ƙege da ɓawo a jiki abin ƙyama ne. Ya ce tarwaɗa tana da ɓawo? Na ce a'a. Ya sake tambaya, da kika haihu mace ko namiji, na ce mace. Kwana nawa kika yi kafin ki shiga coci? Na ce arba'in. Ya buɗe sura 12, ga shi nan kuwa a rubuce, namiji kwana 7 da 33 wato 40, mace kuma kwana 14 da 66, 80 ke nan. Ya ce kin shiga gidan Allah da ƙazanta a jikinki, kina kuma ciyar da jama'a haram, to ya mahaifarki za ta riƙe ɗa?

Ku da ba ku taɓa shiga irin wannan halin ba za ku iya cewa ai da sai ki tashi ki tafi. Abin da ya kama ni shi ne ba daga kansa ya faɗa ba, a littafin da babana yake wa'azi da shi ya nuna min, da yatsa, na karanta da idona. Kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Har ma wani irin sauƙi na ji a ranar, don aƙalla an gaya min dalili, abin da ke da dalili kuwa ai yana da magani.

Maganin shi ne in kiyaye Shari'ar Musa. Na bar kifi, na sayar da gangar bandana da ragar a wulaƙance, na koma tallan gyaɗa da ba ta kawo ko rabin abin da kifi ke kawowa. Na daina zuwa cocinmu ran Lahadi, Zumuntar Mata suka yi ta sintiri a gidana ina ɓuya. Amma mafi tsanani ita ce sura 15. Can aka ce macen da jini ke zubar mata ba a lokacin al'adarta ba, duk kwanakin zubar mara tsarki ce, gadon da ta kwanta da abin da ta zauna a kai sun ƙazantu, wanda ya taɓa su sai ya wanke tufafinsa ya yi wanka ya zauna da ƙazanta har yamma. Ni kuwa jinina ba ya ɗaukewa. To kun ga ke nan ba ni da ranar tsarki.

A gidan addu'ar akwai benci a waje ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, nan mata masu al'ada suke zama suna jin wa'azi ta taga. Sauran mata su zo wannan satin, sati na gaba suna ciki, ni ce dai kullum a wurin har yara suka san bencina. A gida na ware kujerata da kofina da tabarmata. Maigida bai yarda da abin ba, ya yi faɗa ya gaji, amma yayarsa ce kuma ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ba ya iya ɗaga mata murya. Ya koma kwana a falo. Abin da har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi shi ne 'yata, tana firamare lokacin, ta dawo makaranta da gudu za ta faɗa jikina sai in ce tsaya tsaya kar ki taɓa ni. Tun tana kuka har ta saba, ta koma tana gaishe ni daga bakin ƙofa kamar baƙuwa.

Duk sanda jinin ya ɗan tsaya sai in fara lissafi, don nassin ya ce ta ƙirga kwana bakwai, a rana ta takwas ta kawo kurciya biyu ko 'yan tattabaru biyu wurin firist. Baba ya ce ba sai na wahala neman tsuntsu ba, in kawo kuɗinsu. Na kai, na sake kaiwa. Sau da yawa kuma ban kai ga na bakwan ba jinin zai dawo, in koma farko. Asibiti kuwa ba a hana ni kai tsaye ba, amma an ce wanda ya san tushen ciwonsa zunubi ne me zai je nema wurin likita. Na rame, tafin hannuna ya yi fari fat, in na hau 'yar matakala sai numfashi ya gagare ni, ga jiri. Addu'a ma na daina yi da bakina, don na ɗauka Allah ba ya jin muryar mai ƙazanta, sai dai in ba da kuɗi a yi min.

Wadda ta fara tsaga min wannan tunanin ba ma Kirista ba ce. Wata Hajiya ce da muke saye da sayarwa tun ina kifi, ta gan ni a kasuwa ta riƙe baki ta ce ke kuwa lafiya, me ya cinye ki haka. Na ba ta labari sama-sama, ta kama hannuna, na fizge na ce Hajiya ba ni da tsarki. Ta ce ikon Allah, mu a wajenmu ma an raba jinin haila da jinin ciwo, mai jinin ciwo tana sallarta tana azuminta, ke wane irin addini ne zai kore ki don ba ki da lafiya? Ni dai ban san Kiristanci ba amma ki je ki tambayi manyanku da kyau. Maganar ta zauna min a rai, amma ban yi komai a kai ba sai da na faɗi.

A bakin famfo na yanke jiki, maƙwabta suka kwashe ni sai asibiti. Aka ce jinina ya yi ƙasa sosai sai an ƙara min, maigida ya ba da nashi, wasu samari daga tsohon cocinmu da na guje wa su ma suka zo suka bayar. Aka yi hoton da na gudu wa tun farko, likita ya ce ƙari ne a mahaifa, fayibroid, sun yi yawa kuma sun girma, shi ke kawo zubar jinin, mai yiwuwa shi ya jawo ɓarin ma. Ya ce abu ne da ya zama ruwan dare a tsakanin matanmu baƙar fata, da an zo da wuri da aikin bai kai haka ba.

Ina kwance ina jiran a tara kuɗin tiyata wani tsohon Rabaran abokin babana ya zo duba ni da matarsa, ya yi koyarwa a makarantar Littafi Mai Tsarki kafin ya yi ritaya. Matar tasa, Mama, ta zauna a bakin gadona, na ce Mama kar ki zauna nan, ta ce don me, sai na fashe da kuka na faɗa masu komai. Baba Rabaran bai yi min faɗa ba, bai kuma zagi mutanen can ba. Ya ce 'yata duk abin da suka karanta miki yana nan a rubuce, ba su ƙara ko wasali ba, amma bari in tambaye ki, ina aka ce a kai kurciyoyin? Na ce wurin firist. Ya ce a ina? Ya buɗe ya nuna min, a ƙofar alfarwa ta sujada. Ya ce to firist a Shari'ar Musa sai zuriyar Haruna, hadaya kuma Maimaitawar Shari'a sura 12 ta ce ba a ko'ina ake yin ta ba sai wurin da Ubangiji ya zaɓa. Haikalin Urushalima kuwa sojojin Roma sun rushe shi a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, tun daga lokacin Yahudawa da kansu, masu abin, ba sa yanka hadaya. Shi wanda ya karɓi kuɗin kurciyarki ɗan Haruna ne? Na yi shiru. Ya ce a gidan nasu ana kunna wuta ran Asabar? Na ce har janareta ake tayarwa saboda lasifika, ana kuma dafa abinci. Ya yi dariya ya ce duba Fitowa 35 aya 3, an hana hura wuta a gidajenku ran Asabar, a Littafin Ƙidaya sura 15 kuma mutumin da aka kama yana tara itace a ranar jifansa aka yi. Malaman Yahudawa sun ƙirga dokokin Attaura sun samu 613, su kuma mutanenki sun tsinci waɗanda suka faɗa kan mata da marasa ƙarfi sun bar sauran. Ya ce Bulus ya gaya wa Galatiyawa wanda ya ɗauki kaciya don ya sami karɓuwa to wajibi ne ya kiyaye Shari'ar dukanta, ba a tsinta.

Ni kuma ban sake shi haka ba, don na sha wa'azinsu na haddace. Na ce Baba ai Yesu da bakinsa ya ce bai zo ya rushe Attaura ba sai dai ya cika ta, ko ɗigo ba zai shuɗe ba, Matiyu sura 5, wannan ayar kullum ita suke karanta mana. Ya ce gaskiya ne, to mu ga yadda shi mai maganar ya yi da mace irinki. Ya ce Mama ta karanta Markus sura 5. Na san labarin tun ina yarinya, har wasan kwaikwayonsa mun yi a makarantar Lahadi, amma ban taɓa haɗa shi da Firistoci 15 ba sai ranar. Mace mai zubar jini shekara 12, ta sha wahala a hannun masu magani, ta kashe duk abin da take da shi, abin sai gaba yake. Bisa ga shari'a bai kamata ta kutsa cikin taro ba balle ta taɓa rigar malami, shi ya sa ta zo ta baya a ɓoye, shi ya sa da aka gano ta ta zo tana rawar jiki. Ni na san wannan rawar jikin. Yesu bai je ya yi wanka ba, bai jira yamma ba, a gaban kowa ya kira ta 'yata ya ce ta tafi lafiya, daga nan ma ya wuce gidan Yayirus ya kama hannun yarinyar da ta mutu, gawa kuwa ita ma ƙazanta ce a shari'ar. Mama tana karantawa hannunta ɗaya yana kan cikina, ban ture shi ba.

Baba Rabaran ya yi ta dawowa har bayan an yi min aiki, kullum da abin da zai nuna min. Ashe wannan gardamar ba yau ta fara ba, tun zamanin manzanni ne. Wasu sun zo Antakiya daga Yahudiya suna cewa al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, da suka ba da gaskiya sai an yi masu kaciya sun bi Shari'ar Musa kafin su sami ceto, Bulus da Barnaba suka ƙi, aka tafi Urushalima aka yi zama, wajen shekara ta 49, yana nan a Ayyukan Manzanni sura 15. Bitrus ya tashi ya ce don me za ku ɗora wa almajiran karkiyar da kakanninmu da mu kanmu muka kasa ɗauka. Yakubu, ɗaya daga cikin shugabannin ikilisiyar Urushalima, ya yanke magana, aka rubuta wasiƙa cewa ba za a ɗora masu wani nauyi ba sai su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Na karanta wasiƙar nan na sake karantawa ina neman tarwaɗa da kwana 80, babu. Ya kuma ba ni labarin wani Paparoma mai suna Giregori, wajen shekara ta 601 mai bisharar da ya aika Ingila ya rubuto yana tambaya ko mace mai jini za ta iya shiga coci ta ci jibin Ubangiji, ya amsa cewa kada a hana ta, hujjarsa kuwa ita ce wannan matar da ta taɓa rigar Yesu.

Sai tsoro ya kama ni ta ɗaya gefen, na ce to Baba ke nan Dokoki Goma ma sun tafi, kowa ya yi abin da ya ga dama? Ya ce a'a, ki karanta wasiƙun manzanni ki gani ko akwai inda aka sassauta kisa ko zina ko sata ko shaidar zur ko bautar gumaka ko raina iyaye, sai ma tsanantawa da Yesu ya yi ya kai su har cikin zuciya. Kuma dokar nan ta ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka daga ina Yesu ya ɗauko ta, daga Firistoci 19 ne, wannan littafin dai da aka dake ki da shi. Malaman ikilisiya tun da daɗewa sukan kasa shari'ar uku, ta halin kirki, da ta hadayu da tsarkakewa, da ta mulkin ƙasar Isra'ila, ya ce rabon ba a rubuce yake haka cikin nassi ba kuma akwai masana da ba su yarda da shi ba, amma yana taimaka wa mai karatu. Abin da na riƙe ni dai shi ne dokokin tsarkin nan an ba Isra'ila ne saboda kusantar alfarwa da Haikali, wasiƙar Ibraniyawa kuma ta ce hadayar Almasihu sau ɗaya ce ta gama, ni Bahaushiya ba a taɓa ɗora min su ba tun asali. Yahudawa ma ba sa cewa sauran al'umma su bi 613 ɗin.

Ba wai ina raina masu kiyaye Asabar ko masu ƙin wani abinci ba ne, kar a fahimce ni a karkace. Nas ɗin da ta fi kula da ni a asibiti ran Asabar take zuwa sujada, ba ta cin alade ba ta cin tarwaɗa, amma ita ke canza min zanen gado da hannunta ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Kiristocin Habasha ma har yau suna girmama Asabar, ba sa cin alade, suna yi wa jariri namiji baftisma a kwana 40 mace a kwana 80, kuma cocinsu ya girmi namu nesa ba kusa ba. Romawa sura 14 ta ce wani yana ɗaukaka wata rana wani yana ganin duk ɗaya ne, mai ci kada ya raina mara ci, mara ci kada ya hukunta mai ci. Ni kaina har gobe ba na cin jini ko mushe. Inda na ja layi shi ne a ce wa mara lafiya ciwonta hukunci ne, a zaunar da ita a waje, a karɓi kuɗinta da sunan firist.

Mahaifar ba ta tsira ba, likitoci sun ce dole a cire ta gaba ɗaya. Na yi kukan wannan sosai, har yanzu in aka yi suna a unguwa nakan je in yi barka in dawo in shiga ɗaki. 'Ya ɗaya Allah ya ba ni. Ita ma sai da muka ɗauki lokaci kafin ta saki jiki da ni, ta riga ta zama budurwa, rungumar da na hana ta tana ƙarama ba ta dawo da sauƙi ba, sai da na zaunar da ita na ba ta labarin nan duka kamar yadda nake ba ku. Ranar da ta fara al'ada na tabbatar a gado ɗaya muka kwana.

Na koma cocinmu, ranar da na fara cin jibin Ubangiji bayan shekarun nan hannuna rawa yake har Mama ta riƙe min ƙoƙon. Zumuntar Mata suka yi min karo-karo na sayi sabuwar ganga na koma bandar tarwaɗa, tsofaffin kwastomomina da yawa sun dawo, Hajiya ce ta fara saye.

Yaya kuwa tana can har yanzu. Muna gaisawa, tana zuwa gidanmu, amma ba ta cin abin da aka dafa a tukunyata saboda kifi, don haka na saya mata 'yar tukunya daban na ajiye, in ta zo da ita nake mata girki. Ta ce cire mahaifar da aka yi ai shi ne tabbacin maganar Baban gidan addu'arsu, na ce to Yaya, ban ƙara komai ba don maigida ya roƙe ni kada mu yi ta ja. A watan jiya wata yarinya da muka taɓa zama benci ɗaya da ita ta zo wurina da dare a ɓoye, ita ma jinin ne, mijinta bai san ta zo ba. Na raka ta an yi hoton, an ce nata bai kai nawa ba za a iya cire ƙarin a bar mahaifar. Yanzu kuɗin aikin muke haɗawa, kuma har yau ba mu san yadda za mu shawo kan mijin ya sa hannu a takardar ba, don shi mai buga ganga ne a gidan addu'ar.